Daga makuba zuwa gwangwani: yadda fentin gida ya sauya a Dutse, da gubar da ba a rubuta a jikinsa

Sau uku kasuwar fenti ke buɗewa a Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita: bayan ɗaukewar damina, gabanin Sallah, da lokacin da ake shirin kai amarya. A irin waɗannan ranaku mai gida yakan tsaya a bakin shago ya yi tambaya biyu: nawa ne bokiti, kuma wane launi ne ba ya saurin koɗewa. Tambaya ta uku, wato me aka zuba a cikin gwangwanin, ba kasafai ake yin ta ba. Ko an yi ta ma, mai shagon ba shi da amsa, domin shi ma a rufe ya saro kayan.

Shekaru sittin ko saba'in da suka wuce, wannan tambaya ba ta da muhalli. Wanda zai shafe bango shi ne ya haƙo ƙasar, shi ya jiƙa ta, kuma ya san bishiyar da aka samo abin haɗinta. A yau sanin abin da ke jikin bangon ɗakin da yara ke kwana ya bar hannun magini da uwargida, ya koma hannun masana'anta da hukumomin da aka ɗora wa alhakin sa mata ido. Sauyin ya zo da alheri mai yawa. Amma ya zo da wani abu guda da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, kuma gwaje-gwajen da aka yi a Najeriya sun sha samun sa a cikin fentin mai: dalma.

Abin da ake shafawa kafin zuwan gwangwani

Sha'awar launi a jikin bango ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A duwatsun Birnin Kudu, musamman Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu da mutanen da suka shuɗe suka yi da launin da suka samo daga ƙasa, kuma har yau ana ganin sa. Wanda ya taɓa sayen bokitin da ya koɗe kafin shekara ta zagayo zai iya tsayawa a gaban waɗannan duwatsu ya yi ɗan tunani.

A gidajen ƙasa kuwa, kariya da ado tafe suke tare. Makuba ita ce kan gaba. Bayan an fitar da garin ɗorawa an ware kalwa domin daddawa, ɓawon da ya rage ba ya zama shara. Ana daka shi a jiƙa, ruwan ya yi duhu, sannan a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe da shi. Sinadarin da ke cikin ɓawon yana ɗaure ƙasar ya rage mata shan ruwa, ya kuma bar wa bango wani launi ja mai duhu da tsofaffin gidaje suka shahara da shi. Da ruwan makuba ko na bagaruwa ake yayyafa daɓe, aikin da mata kan yi gayya su yi wa ɗakin amarya har ƙasa ta yi santsi ta yi ƙarfi.

Masu hali sukan nemi laso. Wannan simintin Bahaushe ne tun kafin siminti ya zo: katsin da ke kwantawa a gindin karofi ake kwasowa a ƙona a daka, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, a kwaɓa da yauƙin dafara. Da shi ake lulluɓe rufin soro da zankwaye, da shi kuma ake shafe cikin karofin kansa don kada ya yi yoyo. Sharar marini da sharar majemi ce ke komawa kayan aikin magini. Cikin ɗaki kuma aikin farar ƙasa ne, wadda mata kan jiƙa su shafa da tsumma, wani lokaci su ɗan ɗiga bula don farin ya ƙara fitowa.

Ba daidai ba ne a mayar da wancan zamani aljanna. Farar ƙasa tana gogewa a jikin riga. Yaɓen makuba sai an sabunta shi kusan kowace shekara, kuma gidan da aka yi sakaci da shi damina biyu ko uku yana iya zubewa a kan masu shi, kamar yadda ake gani duk shekarar da ruwa ya yi yawa a Jigawa, irin ta 2022. Mutane ba su bar waɗannan kayayyaki don jahilci ba. Sun bar su ne don wahalarsu, don ɗorawar kanta ta yi ƙaranci, kuma don karofin da ake samun katsi a cikinsa ya mutu a garuruwa da yawa. Abin da kawai za a iya cewa shi ne, duk illar da ke tattare da su a fili take, kowa na ganin ta.

Siminti, babban birni da sabon ɗanɗano

Fentin gwangwani ya fara shigowa ne ta gine-ginen hukuma: ofisoshin En'e, asibitoci da makarantu. A can aka koyi salon da har gobe ake bi, wato a shafa wa saman bango fari ko ruwan madara, ƙasansa kuma, daga daɓe zuwa daidai ƙugu ko kafaɗa, a shafa fentin mai mai duhu wanda ake iya gogewa da ruwa. Da farko daga Turai ake kawo shi. A 1959 aka kafa kamfanin da ya zama Berger Paints a Legas, ɗaya daga cikin kamfanonin farko da suka fara haɗa fenti a Najeriya, sannan wasu suka biyo baya, ciki har da CAP mai yin Dulux. Har sunan Texcote, wanda a yau masu fenti ke kiran kowane fenti mai kaushi da shi, asalinsa sunan hajar Berger ne.

Sai dai fenti ba ya zama a kan kowane bango. Yana son filastar siminti, don haka yaɗuwarsa ta jira yaɗuwar bulo da kwano. A Dutse ana iya nuna ranar da wannan ya fara da gaske: 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ta mai da Dutse babban birni. Garin da ke hedikwatar ƙaramar hukuma ya wayi gari yana bukatar sakatariya da gidajen dubban ma'aikata, waɗanda da yawansu suka daɗe suna kwana a Kano suna zuwa aiki da safe saboda rashin muhalli. Unguwanni irin su Takur da Danmasara sun bunƙasa ne da bulo tun daga tushe. Gini mafi yawa kuma an yi shi ne tsakanin 2007 da 2015, zamanin gwamnatin Sule Lamido, lokacin da aka yi sabuwar sakatariya, rukunin gidaje da filin jirgin sama, aka kuma kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, wadda ta jawo ginin ɗakunan haya ba adadi. Waɗannan shekaru suna da muhimmanci, kuma za a dawo kansu.

Ɗanɗanon babban birni ya bi titi ya isa Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu da Gwaram. Wanda ba shi da ƙarfin rushe gidan ƙasa ya yi na bulo sai ya yi wa fuskar gidan filastar siminti ya shafa fenti. Wannan dabara tana da nata sharrin da magina suka sani: siminti da jar ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, danshi yana maƙalewa a tsakaninsu, wata rana filastar ta ɓamɓare gaba ɗaya ta bar bangon da ya riga ya ruɓe a ɓoye. Tsohuwar fasaha ba ta ɓace kwata-kwata ba. A fadar Sarkin Dutse da ke Garu zayyanar gargajiya tana nan, amma launukan da ke fito da ita na gwangwani ne. Siyasa ma ta samu rabonta: duk lokacin zaɓe ana ganin katangu, shaguna da ofisoshin mazaɓu sun sauya launi zuwa na jam'iyyar da ke tashe.

Bokiti daban, gwangwani daban

Abin da ake kira fenti a kasuwa iri biyu ne manya, kuma bambancinsu shi ne ginshiƙin wannan magana.

Na farko fentin ruwa ne, wanda ake sayarwa a bokiti mai lita 20 ana shafa wa bango da rola. A duniya an fara yin sa ne a shekarun 1940, ya kuma kori fentin mai daga bangon ɗakuna saboda yana bushewa da wuri, ba shi da wari sosai, kuma da ruwa ake wanke burushinsa. Haɗinsa ba wani asiri ba ne: ruwa, garin farin dutse da masu sana'ar ke kira kalshiyam, farin sinadarin titaniyam mai rufe bango, danƙon roba mai riƙe su a jikin filasta, sai abin sa kauri da maganin hana ruɓewa. Saukin haɗin ne ya sa ya zama ɗaya daga cikin sana'o'in da ake koya wa matasa a shirye-shiryen koyon sana'a, kuma ana iya yin sa a bayan gida da durom da muciya. Danƙon da titaniyam su ne masu tsada, kuma galibi daga waje ake shigo da su. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabo, hanya mafi sauƙi ta riƙe farashin bokiti kuwa ita ce a rage su a ƙara kalshiyam da ruwa. Sakamakon shi ne fentin da ke bin bayan riga tamkar farar ƙasar da aka gudu daga gare ta. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Amma wannan cuta ce ta aljihu. Fentin ruwa ba kasafai ake samun dalma mai yawa a cikinsa ba.

Na biyu fentin mai ne, mai sheƙi, wanda ke zuwa a galan mai lita 4 ko ƙananan gwangwanaye, ana tsinka shi da tina, wasu ma da kananzir ko fetur. Shi ake shafa wa ƙofofin ƙarfe, tagogi da ƙarafansu, get, gadaje, akwatuna, kujerun aji, lilon yara da ƙasan bangon aji da na asibiti. A nan gizo ke saƙar.

Dalilai uku ke sa mai masana'anta ya zuba dalma a fentin mai. Akwai launi: wasu gishirin dalma suna ba da rawaya, ruwan lemo da ja masu haske waɗanda ba sa saurin koɗewa a rana, in an haɗa rawayan da shuɗi kuma a samu kore. Akwai bushewa: ana ɗiga wani sinadarin dalma don fentin ya bushe da wuri ya yi tauri. Akwai kuma hana tsatsa, inda wasu nau'o'in jan fentin da ake fara shafa wa ƙarfe ke ɗauke da ita. Kowanne daga cikin ukun yana da madadi marar dalma da aka daɗe ana amfani da shi a duniya. Dalma ta ci gaba da zama ne kawai don ta fi araha, kuma don babu wanda ya hana.

Abin da gwaji ya nuna

Ana auna dalma a busasshen fenti da kashi cikin miliyan. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su kafa ita ce kashi 90 cikin miliyan, wato miligiram 90 a kowane kilo guda.

A 2007 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Eugenious Adebamowo suka wallafa sakamakon gwajin fentin mai da suka saya a kasuwannin Ibadan. Kashi 96 cikin 100 na samfuran sun haura iyakar da aka yarda da ita a lokacin, wani ma ya kai kashi 50,000 cikin miliyan, wato kashi 5 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Shekaru goma bayan nan, a 2017, ƙungiyar SRADev ta Legas tare da haɗakar ƙungiyoyin IPEN suka gwada gwangwani 54 na fentin mai da ake sayar wa masu gidaje. Guda 40 sun haura 90, fiye da rabin duka samfuran kuma sun haura 10,000. Launuka masu haske, musamman rawaya, su suka fi muni.

Abu biyu ya kamata a lura da su a waɗannan alƙaluma. Na ɗaya, gwangwani 14 da suka tsallake gwajin hujja ne cewa ana iya yin fenti marar dalma a Najeriya a kuma sayar da shi a kasuwa ɗaya da sauran. Na biyu, a kudu aka sayi samfuran, amma fenti ba ya zama inda aka yi shi. Tirela ce ke ɗauko shi zuwa manyan dilolin Kano, irin na kasuwar Ƙofar Ruwa, daga nan ya biyo hanyar Wudil ya iso shagunan Dutse da kasuwannin mako irin ta Shuwarin. Bayan wannan akwai wanda ake haɗawa a ƙananan wurare a zuba a gwangwanin da ba shi da adireshi, wani lokaci ma a tsohon gwangwanin wani kamfani.

Yanzu a jera shekarun. Gwajin farko na 2007 ne, na biyu na 2017. Mafi girman aikin gini da Dutse ta taɓa gani ya faɗo ne daidai tsakaninsu. Wannan ba ya nufin wani gini takamaimai yana ɗauke da dalma. Gwaji ne kaɗai ke iya tabbatar da haka. Abin da yake nufi shi ne, an shafe ƙofofi da tagogin sabon birnin ne a shekarun da mafi yawan fentin mai da aka gwada a ƙasar ya faɗi jarrabawa. Ko da kowane kamfani ya gyara haɗinsa daga baya, wanda aka riga aka shafa yana nan inda yake. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙarewa. Kuma fentin waɗancan shekaru yanzu ne ya kai lokacin tsagewa, lokacin da ake kiran mai fenti ya kankare ya sake.

Yadda take shiga jikin yaro

Fentin da ke lafiye a jikin ƙarfe ba shi ne babbar barazana ba. Matsala tana farawa ne idan ya tsufa. Ranar bazara da ke haura maki 40 a ma'aunin zafi, da bushewar hunturu, suna dafa shi har ya koma gari. Ƙofa tana gogar madogararta sau da yawa a yini. Garin yana sauka a daɓe da yashin tsakar gida, inda yaro mai rarrafe ke wuni, yana kai hannu baki, yana cin ƙasa kamar yadda yara kan yi. Ɓarɓashin fentin dalma ma yana da ɗan zaƙi, abin da ke sa yaron da ya ɗanɗana ya koma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsa daga abin da ya haɗiya. Yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ko na ƙarfin ƙashi ya fi tsotsar ta, domin jiki yana ɗaukar ta a madadin abin da ya rasa. Wannan batu ya shafi Jigawa kai tsaye: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin isasshen abinci mai gina jiki. Mace mai ciki ma ba ta tsira ba, domin dalmar da ta taru a ƙashinta tun tana yarinya tana iya sakowa cikin jini ta isa ga ɗan tayi.

Mutanen arewa sun san kalmar gubar dalma ne daga Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano mace-macen yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje, kuma aƙalla yara 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Waɗannan bala'o'i sun bar wa jama'a wani hoto: yaro na jijjiga, yaro ya suma, kaburbura jere. Hoton gaskiya ne, amma ya ɓoye nau'in gubar da ya fi yawa. Dalmar fenti ba kasafai take kisa nan take ba. Kaɗan-kaɗan take taruwa, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma, ta rage kaifin fahimta da iya natsuwa. Babu zazzaɓi, babu ƙurji. Yaron zai shiga aji, ya kasa riƙe karatu, a ce masa daƙiƙi, a dake shi, kuma babu wanda zai tuna da ƙofar da ya yi rarrafe a gindinta. Illar da ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa ba ta warkewa. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth suka fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin kowane uku a duniya, kimanin miliyan 800, yana da dalma a jini a matakin da ke bukatar ɗaukar mataki.

Fenti ba shi kaɗai ne hanya ba. Wasu nau'o'in kwallin da ake sa wa jarirai dutsen dalma ne tsagwaronsa, akwai tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe, akwai kuma masu fasa tsofaffin baturan mota. Bambancin fenti shi ne, shi kaya ne na masana'anta mai rajista da adireshi, don haka ya fi sauran sauƙin toshewa daga tushe.

Doka ta makara, kuma ba ta isa shago ba

Duniya ta daɗe da sanin wannan. A 1904 wani likita a birnin Birisben na Ostareliya, John Lockhart Gibson, ya danganta ciwon da yake gani a jikin yara da fentin ƙarafan barandar gidajensu. Faransa, Beljiyam da Ostiriya sun hana shafa farar dalma a cikin ɗakuna a 1909, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan haka a 1921. Amurka ta ja ƙafa har 1978, kuma har yau tana kashe maƙudan kuɗi wajen kankare abin da aka shafa kafin wannan shekara. Darasin da ke cikin jinkirin nata a fili yake: hana dalma shiga gwangwani ya fi cire ta daga bango araha nesa ba kusa ba. An kuma ga cewa ana iya yi, domin an raba man fetur da dalma a duk duniya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021.

A Najeriya hukumomi biyu ne abin ya fi shafa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ita ke tsara ma'aunin fenti, ita kuma ke ba kayan da aka yi a cikin gida shaidar MANCAP. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli. A takarda, iyakar kashi 90 cikin miliyan ita ce ma'aunin da Najeriya ta amince da shi. Sai dai ma'auni ba ya gwada kansa. Sai an shiga kasuwa an sayi gwangwani, an kai ɗakin gwaji, an buga sakamako da sunan kamfani, an kuma janye wanda ya faɗi. Mai saye ba shi da hanyar yin wannan da kansa. Ko rubutun da wasu kamfanoni ke yi a jikin gwangwani cewa babu dalma, magana ce ta mai kaya game da kayansa, har sai wani mai zaman kansa ya tabbatar.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun mai gida. Inda fentin ruwa zai wadatar, musamman a ɗakin yara, babu dalilin shafa na mai. Fentin mota da na masana'antu, waɗanda masu walda kan shafa wa get da gado saboda sheƙinsu, ba don gida aka yi su ba. Tsohon fentin da bai tsage ba gara a rufe shi da sabo a kan a kankare. In kuwa dole ne a kankare, mafi munin hanya ita ce wadda aka fi bi: gurza shi a bushe da samfefa, ko babbaka shi da wuta. A jiƙa shi tukuna, a shimfiɗa leda a tattara ɓarɓashin, a fitar da yara da masu ciki har a gama, sannan a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya mai tayar da ƙura. Mai fentin kansa, wanda ya fi kowa shaƙar garin, yana kai shi gida a jikin rigarsa in bai sauya ba kafin ya ɗauki ɗansa.

Babban mai saye

Amma dora nauyin duka a kan mai gida rashin adalci ne, tun da ba shi ne babban mai sayen fenti a Jigawa ba. Gwamnati ce. Kowace shekara ana ba da kwangilar gina ajujuwa da gyara su ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ana gyara cibiyoyin lafiya a matakin farko, ana gina rukunin gidaje, ga ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Kowace kwangila tana da jadawalin kayan aiki wanda ke fayyace yawan shafi da nau'in fenti. Jigawa tana da hukumar tantance kwangiloli da sa ido kan ayyuka, wadda jami'anta ke zuwa duba aiki kafin a biya ɗan kwangila. Ƙara layi guda a jadawalin, cewa duk fentin da za a shafa a makaranta ko asibiti sai ya zo da takardar gwajin da ke nuna bai haura 90 ba, ba ya bukatar sabuwar ma'aikata ko wani babban kasafi. Dilan da ya san zai rasa cinikin gwamnati zai sauya abin da yake sarowa, kuma daga shagonsa mai gyaran ɗakin amarya ke saye.

Gano abin da ke jikin tsofaffin gine-gine ma ba abu ne mai wuya ba. Akwai na'urar hannu mai aiki da haske irin na hoton ƙashi, wadda ake ɗora wa ƙofa ta ba da adadin dalmar cikin daƙiƙoƙi ba tare da an kankare komai ba. Irinta aka yi amfani da ita wajen auna ƙasar ƙauyukan Zamfara. Dutse tana da jami'ar tarayya mai sashen kimiyyar sinadarai, tana da asibitin Rasheed Shekoni, tana da hukumar kare muhalli ta jiha. Zagayen ajujuwan renon yara da na firamare a ƙananan hukumomi bakwai na yankin aiki ne da ɗaliban shekarar ƙarshe za su iya yi ƙarƙashin malamansu.

Ga matasan da suka saba bin diddigin kasafin kuɗi da ayyukan mazaɓu, wannan fage ne da ba a cika shiga ba. An saba tambayar ko an gina ajin, da nawa aka gina shi, da kuma wanda aka ba kwangilar. Hoton da ake ɗorawa a Facebook don nuna an kammala aiki kusan kullum hoton sabon fenti ne mai sheƙi, kore ko rawaya, daidai tsayin ɗan aji ɗaya. SON, NESREA da hukumar UBEC duk na tarayya ne, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta musu amsa buƙatar da aka rubuta cikin kwana bakwai. Ana iya tambayar su gwangwani nawa aka gwada daga kasuwannin Kano da Jigawa, a wace shekara, da sunayen waɗanda suka faɗi.